Yadda Ake Shiga Kalankuwar Notting Hill ta Ƙofar Masu Aikin Hannu

Da zarar watan Agusta ya kama, saƙonni sukan yi mini yawa daga ɗalibanmu da ke Ingila da masu shirin zuwa hutu daga gida. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: ta ina ake shiga bikin nan na mutanen Karebiyan da ake yi a yammacin Landan, nawa ake kashewa, ana zuwa da yara, kuma wanda ba ya son ya tuɓe suturarsa yana da wuri a ciki? Amsa ɗaya bayan ɗaya ta gagare ni, shi ya sa na tattara komai a nan.

Shekarata ta farko, ranar Litinin na je da la'asar, na tsaya a bayan dubban mutane, ban ga komai ba sai ƙeyar jama'a da saman manyan motoci. Na koma gida da ciwon kai ina cewa hayaniya ce kawai. Sai da wata maƙwabciyata, dattijuwa 'yar asalin Tirinidad, ta ja ni zuwa inda suke ɗinka kayan bikin, sannan na gane cewa kwana biyun nan ƙarshen aikin watanni ne, kamar yadda hawan sallah yake ƙarshen aikin dukawa da masaƙa da masu kayan doki. Wannan jagora ta wanda yake son ya shiga ta wannan ƙofar ce.

1. Kafa ranakun tun da wuri

Ana yin bikin ne a Litinin ta ƙarshe a watan Agusta, wadda ranar hutu ce a Ingila, da Lahadin da ta gabace ta. A 2026 ya faɗo 30 da 31 ga wata. Lahadi ranar yara da iyalai ce, Litinin ta manya. Asabar da yamma kuma ake gasar makaɗan gangar ƙarfe da ake kira Panorama.

Amma kalandarka ta fara tun daga bazara. Ƙungiyoyi sukan ƙaddamar da zanen kayansu na shekara watanni kafin bikin, daga nan rajista ta buɗe, aikin hannu kuma yakan kankama daga Yuni zuwa Agusta.

Hattara: mai zuwa daga Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar ziyara, kuma ana iya nema tun saura wata 3 a tafi. Kada ka biya kuɗin kayan bikin kafin bizar ta fito, domin galibin ƙungiyoyi ba sa mayar da kafin alƙalami.

2. Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Masu bikin sun kasa shi gida biyar: mas, wato shigar ado da ake yawo da ita a titi, gangar ƙarfe, waƙar kalipso, kiɗan soka da ake ɗorawa a kan manyan motoci, da kuma tarin lasifika da ake kafawa a lungu ɗaya ba sa motsi, al'adar da Jamaikawa suka zo da ita. Baƙo ya fi samun shiga ta biyun farko, domin su ne kullum suke neman ƙarin hannu.

In kana da haƙurin zama da allura ko almakashi, nufi mas. In kunnenka yana kama kiɗa, nufi gangar ƙarfe. Kada ka haɗa biyun a shekarar farko. A makonnin ƙarshe kowannensu zai cinye maka kusan kowane dare.

3. Nemo ƙungiya, ka yi rajista

Shafin intanet na masu shirya bikin yana jera ƙungiyoyin da aka amince da su. Daga can za ka fara, ba daga tallan da wani ya turo maka a WhatsApp ba. A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure: sukan ga hotunan 'yan mata da fuka-fukai da ɗan abin rufe jiki, sai su yanke cewa bikin gaba ɗaya haka yake. Wannan salo ɗaya ne, kuma shi masu ɗaukar hoto suka fi bi. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu gina manyan siffofi ne, tsuntsaye da furanni da rana da dodanni, waɗanda ake goyawa a baya, mai ɗauke da su kuma a rufe yake ruf da wando da riga mai dogon hannu. Mahogany, da ke babban titin Harlesden, wadda Clary Salandy da Michael Ramdeen suka kafa a 1989, ta yi suna a irin wannan aiki. Sunshine International Arts da ke kudancin Landan ita ma aikin hannu ta sa gaba. Mangrove da Ebony suna da ɓangaren kiɗa da na mas duka. Je ka ga aikinsu na shekarun baya da idonka kafin ka zaɓa.

Batun kuɗi hawa-hawa ne. Kallon bikin a titi kyauta ne, taimakawa a wurin ɗinki ma kyauta ne. Mafi arha a shiga cikin ayari shi ne sayen rigar ƙungiya mai tambari, ka sa ta a kan wandonka ko siket ɗinki. Wannan yakan kama daga fam 'yan gomomi zuwa wajen ɗari, gwargwadon abin da aka haɗa da shi. Cikakken kaya na sahun baya yakan ci 'yan ɗaruruwan fam. Na sahun gaba, mai manyan fuka-fukai, yana iya dosar fam 1,000. Kayan yara sun fi sauƙi ƙwarai. Yawanci kafin alƙalami ake fara bayarwa, sauran a biya kashi-kashi kafin ranar karɓa.

Kafin ka biya, ka tambayi abu huɗu: me kuɗin ya ƙunsa, akwai motar ban-ɗaki da ke bin ayarin, ina ake haɗuwa da safe, kuma za a iya ƙara wa kayan tsawo ko hannu. 'Yar uwa mai ɗaura kallabi ko hijabi ta faɗa tun ranar rajista, don mai zanen ya gyara abin kai ya hau daidai. Na ga an yi wa mata da dama haka ba tare da wata gardama ba.

Hattara: wasu ƙungiyoyin sukan haɗa kuɗin giya a cikin farashi. Tambayi ko akwai farashin wanda ba ya sha. Kuma kada ka sayi kaya daga hannun wanda ya ce ya fasa zuwa sai ƙungiyar ta tabbatar ta sauya suna a rajistarta.

4. Shiga sansanin mas

Nan ne zuciyar al'amarin, nan kuma nake so ka fi daɗewa. Sansanin mas ɗaki ne ko shago ko zauren unguwa inda ake ƙera kayan. Aika saƙo tukuna ka ce kana son taimakawa, a ba ka rana. In ka isa, gaida kowa, ka fara da manya. Dattawan Karebiyan sun ɗauki gaisuwa da nauyi kamar yadda muka ɗauke ta, kuma wanda ya shigo ya wuce kai tsaye ya kama taɓa kaya ya ɓata rawarsa da tsalle tun ranar farko. Za ka ji matasa suna kiran manyan mata anti ko su haɗa sunan da "Miss". Bi yadda ka ji ana yi.

Sa tufafin da ba ka jin asararsu. Kayan aiki suna can: bindigar gam mai zafi, gam na gwangwani, almakashi, filaya, waya mai kauri da siririya, sandunan roba masu lanƙwasuwa, soso, yadi mai ƙyalli, duwatsun ado, gashin tsuntsu da keken ɗinki. In kana son ka zo da naka, almakashi mai kaifi da ƙaramar filaya sun isa. Rubuta sunanka a jiki.

Aikin yana da tsari, kuma daga ƙasa ake farawa. Sabon shiga yankan samfuri ake ba shi: a ɗora kwali a kan soso ko yadi, a zana, a yanka, sau hamsin ko sau ɗari, domin ayarin ƙungiya sashe-sashe ne, kuma 'yan kowane sashe kayansu dole su zo iri ɗaya. Daga nan sai liƙa ado a bakin abin da aka yanka, sai jera duwatsu, sai dasa gashin tsuntsu, wanda ake farawa daga sahun baya a sauko gaba don kowane sahu ya rufe gindin na bayansa. Lanƙwasa waya shi ne sarautar sana'ar. Mai wannan aiki yakan dubi zane a takarda ya fitar da ƙashin siffar da waya da filaya kawai, ya auna nauyin ta yadda yarinya 'yar shekara goma za ta yi awa shida tana rawa da fiffike mai faɗin mita biyu ba tare da kafaɗarta ta gaji ba. Kada ka nemi a ba ka wannan a makon farko. Zauna kusa da mai yi, ka miƙa masa abin da ya nema, ka zuba ido.

In kai tela ne, ko kin iya keke, ko hannunka ya saba da ɗinkin hula, faɗa tun ranar farko. Masu liƙa gam suna da yawa, masu iya ɗinki ne suke wuya, kuma wanda ya iya zai ga yadda ake riritarsa.

Hattara da gam mai zafi. Ajiye kofin ruwan sanyi kusa. In ya ɗiga a yatsa, tsoma nan take, kada ka yi saurin ɓamɓarewa domin da fata yake tashi. Gam na gwangwani kuma ana shafa shi a fuska biyu, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Wanda ya haɗa da ɗanyensa zai ga adon yana zubewa a titi. Warinsa yana hawa kai, don haka a bakin taga ko a waje ake aiki da shi.

Wani kuskuren da ke jawo ɓacin rai shi ne ɗaukar hoto. Gasa ake yi, alƙalai suna ba da maki, kuma wasu manyan kayan, irin na sarki da sarauniyar ƙungiya, ɓoye su ake yi sai ranar. Nemi izini kafin ka ɗaga waya, ko da yara ba sa wurin, balle suna nan.

Kada kuma ka zo hannu rabbana kullum. Ana cin abinci tare a sansani. Ran da na kai zoɓo mai citta da kanumfari, dattawan suka yi ta murna, domin shi ne abin shan da suke kira sorel, wanda suke yi lokacin Kirsimeti. A irin wannan zama ne za ka ji labarin da ba ya cikin kowace takardar talla: yadda iyayensu suka sauka a jiragen ruwa daga 1948, yadda aka hana su hayar ɗakuna, tarzomar ƙabilanci ta 1958 a waɗannan titunan, da bikin da Claudia Jones, 'yar jarida kuma 'yar gwagwarmaya 'yar asalin Tirinidad, ta shirya a zauren St Pancras a Janairun 1959 don ta ɗaga kan mutanenta. Saurara kawai.

5. In gangar ƙarfe ka zaɓa

Daga duron mai ake ƙera ta: a dake saman ya lotsa kamar kwano, a kasa shi gida-gida, kowane gida da muryarsa. Ba sai ka sayi taka ba, ƙungiya ce ke da su. Abin da za ka saya sanduna biyu ne masu kan roba, kuma ba su da tsada. Mangrove tana atisaye a zauren Tabernacle da ke Powis Square, Ebony kuma a Yaa Centre da ke Chippenham Mews.

Nemi ajin sababbi tun kaka ko hunturu. Wanda ya zo a Yuli yana son ya buga Panorama ya makara, domin waƙar gasar takan kai minti 10, kuma da ka ake haddace ta, gaɓa-gaɓa, mai tsara kiɗan ya buga a maimaita, irin yadda ake biya wa almajiri karatu. Wanda ya makara yana da aikin yi duk da haka: ana neman masu tura keken da ake jera gangunan a kai, da masu lodi da saukewa.

Hattara: kada ka doki ganga da ƙarfi, kuma kada ka taɓa cikinta da makulli ko zobe. Ɗan lotsawa kaɗan yana kashe murya, masu gyaran kuma ƙalilan ne.

6. Makon ƙarshe

A daren Juma'o'in Agusta akan yi zaman kalipso a Tabernacle, inda mawaƙa ke tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi wa 'yan siyasa da halin zamani shaguɓe, har a fitar da sarkin shekara. Da tikiti ake shiga, a zaune ake saurare, kuma ya dace da wanda ba ya son turmutsutsu. In waƙa ta yi daɗi za ka ji ana ihun "kaiso". Masanin wasan kwaikwayo ɗan Tirinidad, Errol Hill, ya danganta kalmar da "kaico" tamu ta Hausa, wasu masanan kuma suka ce daga harshen Efik ta fito. Ko ma wanne ne, duk lokacin da na ji ta sai tsigar jikina ta tashi.

A makon ne ake karɓar kaya. Je da rasiti, ka gwada komai a wurin, ka ɗaga hannu, ka sunkuya, ka yi tsalle. Abin da ya matse ko ya soke ka na minti ɗaya zai zama rauni bayan awa shida. Za a ba ka awarwaron roba na wuyan hannu. Shi ne shaidarka ta shiga cikin igiyar da ake kewaye ayari da ita, in ya ɓata ba mai sauraron bayani.

Asabar da yamma ka je Panorama a filin Emslie Horniman's Pleasance da ke Kensal Road. Sayi tikiti tun da wuri. In abu ɗaya kawai za ka iya halarta a duk ƙarshen makon, ni dai wannan zan zaɓa maka.

7. Jaka da hanya

Ƙaramar jaka mai ratayawa ta gaba, ba ta baya ba. A ciki: gorar ruwa ta roba, tsabar kuɗi kaɗan, batirin cajin waya, abin toshe kunne, tishu, filasta, fil-fil da ƙaramin gam don gyaran gaggawa, da rigar ruwa mai naɗewa, domin ruwan Landan ba ya sallama. Takalmin da ka saba da shi za ka sa. Hanyar ayari ta kai mil 3 da rabi, ta Great Western Road da Chepstow Road da Westbourne Grove da Ladbroke Grove, amma tafiyar hawainiya ake yi, yini guda ake ci.

Manta da mota. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ladbroke Grove a rufe take kwana biyun, wasu na kusa kuma, irin su Notting Hill Gate da Westbourne Park, fita kawai ake bari a yi a yawancin yinin. Sauka a Paddington ko Shepherd's Bush ko Queen's Park ka ƙarasa da ƙafa, kuma ka duba sanarwar hukumar sufurin Landan a makon.

Hattara: layin waya yakan toshe saboda yawan jama'a. Ku tsayar da wurin haɗuwa da lokaci tun a gida, a wajen yankin bikin. Rubuta lambarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka kuma toshe masa kunne kafin ku kusanci lasifika.

8. A kan titi

Da asubahin Lahadi akan yi J'ouvert, ana faɗinsa Juve, inda ake shafe juna da fenti da hoda. Akwai shekarar da aka soke shi, don haka duba jadawali. Wanda ba ya son a taɓa jikinsa ya ƙyale wannan.

Isa wurin haɗuwa a kan lokacin da aka ce. Motar kiɗa tana gaba, ayari yana biye, masu riƙe igiya suna gefe biyu. Tafiyar da ake yi jan ƙafa ce a hankali bisa bugun kiɗa, wadda ke hana gajiya. Kwaikwayi dattawan, su suka san yadda ake kai yamma. In an kusa wurin alƙalai a Great Western Road, shugaban sashe zai jera ku. Nan ne aikin watanni uku yake bayyana, sai ka ajiye waya da gorar ruwa, ka buɗe fiffiken sosai.

Da ƙarfe 3 na rana, kwana biyun, kiɗa yakan tsaya cak na daƙiƙa 72 don tunawa da mutum 72 da gobarar benen Grenfell ta kashe a Yunin 2017, a cikin unguwar nan. Da yawansu Musulmi ne. Yi shiru tare da jama'a, ka yi musu addu'a.

Gaskiyar da ya kamata ka sani: ranar Litinin akwai giya a fili, akwai warin wiwi, akwai rawar ƙugu da shigar da ba ta rufe jiki. Mai iyali ya tsaya a Lahadi, ya zo da safe. Ba a taɓa kayan ɗan wasa ko jikinsa ba da izini ba, ba a kuma tsallaka igiya don ɗaukar hoto. In wani ya matso zai yi rawa da ke, 'yar uwa, ɗaga hannu ki girgiza kai ya isa. In bai ji ba, masu igiya aikinsu ke nan.

9. Ci da salla

Gasasshiyar kaza mai yaji da ake kira jak ita ce sarauniyar rumfuna, tare da shinkafa da wake da soyayyar ayaba, faranti yakan wuce fam 10. Tambayi abu biyu: naman halal ne, kuma a kan waya ɗaya ake gasa shi da alade? In ba ka gamsu ba, nemi abincin 'yan Rasta da ake kira aital, wanda ba nama a ciki, ko gasasshiyar masara, ko ɗanyar kwakwa. Zoɓonsu ma ka tambaya, domin wasu suna zuba masa giya.

A ƙarshen Agusta azahar takan shiga wajen ƙarfe 1, magariba wajen 8. Masallacin Al-Manaar da ke Acklam Road yana cikin yankin bikin, hanyoyin zuwa kuma sukan toshe, saboda haka ka kira su kafin ranar ka ji tsarinsu. Fita da alwala daga gida. Layin ban-ɗaki yana da tsawo, wasu mazauna unguwar kuma sukan buɗe nasu a biya 'yan fam kaɗan.

10. Fita, da komawa sansani

Ana kashe lasifikan lungu da ƙarfe 7 na yamma, daga nan kowa ya doshi tasha lokaci guda. Riga su fita. Mai yara ya kama hanya tun ƙarfe 4 ko 5. Rigima ta fi tashi da yamma. A 2024 mutum biyu sun rasu sakamakon hare-hare a lokacin bikin, ɗaya daga ciki a ranar Lahadi aka kai mata harin. In ka ga jama'a sun fara gudu ko turereniya, bi gefe ka shiga lungu mafi kusa, kada ka tsaya kallo, kada kuma ka tunkari turmutsutsun mutane.

Ƙananan kayan da ka saya naka ne. Manyan siffofi da ƙarfen goyo na ƙungiya ne, kuma a hannun wanda ya ba ka za ka mayar, kada ka jingine a gefen mota. Ranar Talata ko Laraba ana sauke kaya a sansani, a ware abin da za a sake amfani da shi, a cire gashin tsuntsu mai kyau a adana a kwali, a share gam daga tebura. Mutane kaɗan ne suke zuwa ranar, kuma a nan ne akan fara maganar zanen baɗi. Tafi da safar hannu da manyan ledoji na shara.